Me ya hana jakadunmu zama fatoman ƙananan 'yan kasuwa?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce muna zaune a majalisa bayan la'asar sai ga ɗan yayata ya zo da waya a hannu, fuskar nan ba walwala. Yaron baduku ne irin na zamani, yana ɗinka jakunkuna da takalman fata a cikin gari, yana ɗora hotunansu a Instagram. Ya durƙusa ya gaishe da mutane sannan ya matso ya ce, "Kawu, don Allah duba min wannan."

Wata mata ce mai shago a wata ƙasar Turai ta turo masa saƙo. Ta ga jakunkunansa sun burge ta, tana son guda 200 a tashin farko, in sun karɓu kuma za ta riƙa saye a kai a kai. Amma ta jero masa tambayoyi. Da me aka jeme fatar? Akwai takardar gwaji? Wace lamba kayan suke da ita a wurin kwastam? Ta wace hanya zai turo? Sannan ta ce ita ba ta biya sai kaya sun iso hannunta.

Tsoronsa biyu ne. Bai san ko matar ta gaske ce ko 'yan damfara ne suka ɗana masa tarko ba, sannan cikin tambayoyin nan ko ɗaya bai san amsarta ba. Jarinsa kaf bai kai kuɗin fatar jaka 200 ba, sai ya ci bashi.

Na ce masa ai muna da ofishin jakadanci a ƙasar, ka rubuta musu mana, su duba maka ko shagon yana nan da rajistarsa, su kuma faɗa maka ƙa'idar shigar da kayan fata can.

Wallahi majalisar nan gaba ɗaya aka kwashe da dariya. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "Haba Malam, ofishin jakadanci kuma? Ai wannan na masu sabunta fasfo ne da tarbar manya a filin jirgi. Me ya haɗa ambasada da baduku?"

Dariyar nan ta tsaya min a rai har na kwanta. Ban ga laifin dattijon ba, abin da ya gani tsawon rayuwarsa ya faɗa. Abin da ya dame ni shi ne yadda muka saba har muka yarda cewa ofishin da ake riƙe shi da kuɗin ƙasa, a tsakiyar kasuwar da yaranmu suke mafarkin shiga, ba shi da wani haƙƙi da zai sauke wa mai ƙaramin jari. Ni ra'ayina shi ne, nema wa ƙaramin ɗan kasuwa hanya da jawo baƙi su zo su ga ƙasarmu yana cikin ainihin aikin jakada, kuma da shi ya kamata a riƙa auna jakadan da ya yi aiki da wanda ya je ya zauna kawai.

Kakanninmu sun riga mu sanin wannan

Bahaushe ba baƙo ba ne a fatauci. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ya yi watanni a hanya har Gonja, a ƙasar Ghana ta yau, sarin goro, madugu na gaba, jakuna da kaya na biye, ana ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata. To in an isa Salaga ko daga baya Kumasi, falke ba ya faɗawa kasuwa kai tsaye kamar wanda aka jefo. Wurin mai gida yake sauka a zango, wanda wasu ke ce wa fatoma.

Fatoman nan shi ne komai. Shi zai ba ka masauki ya ajiye maka kaya. Yana jin yaren mutanen garin, ya san wane ne mai biya wane ne mai cinye amana, ya san farashin yau da na makon jiya. Shi zai haɗa ka da mai saye, in bashi za a bayar shi zai tsaya lamuni, in rigima ta tashi shi zai raka ka gaban sarkin zango ko sarkin garin. Ya ɗauki la'adarsa, kai kuma ka koma gida da riba da kwanciyar hankali. 'Yan shanu da 'yan goro a Sabo ta Ibadan da sauran zangunan kudu ma da wannan tsarin suka daɗe suna tafiya.

Ba don fatoma ba da mai jaki biyu bai isa ya shiga fataucin nesa ba, sai dai attajirai. Fatoma ne ya sa ƙaramin falke ya iya gogawa da babba, tunda sanin gari da sanin mutane da babban yake da shi, shi ma ƙaramin ya samu a wurin mai gidansa.

To yau kasuwar ta koma Dubai da Istanbul da Milan da Guangzhou. Manyan kamfanoni suna da lauyoyi da ejan-ejan a can, ba su buƙatar kowa. Ɗan yayata kuwa waye fatomansa? Gida ɗaya ne a ƙasar nan ta Turai da tutarmu ke kaɗawa a ƙofarsa, kuma mutanen cikinsa albashinsu daga aljihun ƙasa yake fita.

"Ai aikin jakada siyasa ne, ba talla ba"

Wannan shi ne abu na farko da za a ce min. Amsar gajera ce. Yarjejeniyar Vienna ta 1961, wadda ita ce ta tsara aikin jakadanci a duniya, ta lissafa bunƙasa hulɗar tattalin arziki da al'adu cikin ayyukan ofishin jakadanci ƙarara. Ta 1963 da ta shafi ƙananan ofisoshin jakadanci ita ma ta ambaci kasuwanci. Ba wata alfarma ce muke roƙo ba.

Kuma ku duba yadda wasu suke yi a nan cikin ƙasarmu. Japan tana da ofishin JETRO a Legas, Koriya ta Kudu tana da KOTRA, aikinsu kenan dare da rana, su gano me ɗan Najeriya yake saye su kai wa kamfanoninsu labari. Turkiyya a 2002 ofisoshin jakadancinta a Afirka 12 ne kacal, cikin shekara 20 suka haura 40, jirginsu na bin bayan jakadunsu, 'yan kasuwarsu na bin bayan jirgin. Ka shiga shagunan kayan ɗaki da na suturar mata a Kano ka ƙirga sau nawa za ka ji an ce "ɗan Turkiyya ne". Wannan bai faɗo daga sama ba.

Tailan ma abin nata ya fi ba ni sha'awa. A 2002 gwamnatinsu ta fito da shiri na musamman don yawaita gidajen abincin Tailan a ƙasashen waje, da rance da horar da masu girki da taimakon ofisoshinsu na waje. A lokacin gidajen abincin kimanin 5,500 ne a duniya, daga baya suka ninninka. Kowane gidan abinci kuwa yana sayen shinkafa da kayan yaji daga gida, kuma duk wanda ya ci ya ji daɗi wata rana sai ya ce bari in je in ga ƙasar. Da faranti ɗaya sun tallata kayan gona sun kuma tallata yawon buɗe ido. Mu da muke da masa da miyar taushe, da dambun nama, da tsire wanda sunansa ya riga ya zaga duniya da kansa ba tare da taimakon kowa ba, me muke jira?

"Zamanin intanet ne, wa yake buƙatar ofishi?"

Wani matashi a majalisar ya faɗi haka, kuma da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, tunda ita kanta matar ta Instagram ta samo yaron. Waya tana haɗa mai saye da mai sayarwa. Amma akwai ƙofofin da waya ba ta buɗewa.

Ku tambayi 'yan zoɓo a Dawanau da Maigatari. Mafi yawan zoɓon da muke fitarwa Meksiko yake tafiya, can ma jiƙa shi suke su sha da sanyi kamar yadda muke yi. Da hukumomin can suka ga wani ƙwaron rumbu a cikin wasu kwantenoni sai suka rufe ƙofa ga zoɓon Najeriya gaba ɗaya, da na mai laifi da na wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Manomin Jigawa da bai taɓa jin sunan Meksiko ba sai da ya ji a jikinsa. Shekaru aka ɗauka ana kai-komo tsakanin hukumar NAQS mai kula da lafiyar amfanin gona da takwararta ta can, ana tsara yadda za a riƙa yi wa kaya feshi da dubawa, kafin a sake buɗewa. Wane ɗan kasuwa ne zai warware wannan ta WhatsApp? Magana ce ta gwamnati da gwamnati, kuma wanda yake zaune a babban birnin ƙasar, yake iya ɗaukar mota ya je ma'aikatarsu ya ƙwanƙwasa ƙofa yau ya koma jibi, shi ne jakada.

Indiya ta yi shekara 18 mangwaronta ba ya shiga Amurka, daga 1989 har 2007. Sai da maganar ta kai teburin shugabannin ƙasashen biyu lokacin da George Bush ya ziyarci Indiya a 2006 sannan aka samu mafita. Mangwaro fa. Shugaban ƙasa bai ji kunyar zancen mangwaro ba saboda ya san manoma nawa ne ke bayansa.

Habasha kuma ta yi ja-in-ja da kamfanin Starbucks a kan sunayen kofinta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, ta ce sunayen nata ne, sai a 2007 aka sasanta. Wannan ya tuna min da abin da ya fi ci min rai a tarihin sana'ar ɗan yayata. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda aka jeme a ƙasar Hausa, raƙuma suka riƙa ketare Sahara da ita, ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar arewacin Afirka, Turawa suka sa mata suna fatar Maroko. Ƙarni da ƙarni ana yi wa manyan littattafai bango da ita, sunan na wasu, wahalar tamu. Yau ma fatar da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa tana tafiya Italiya da Sifen, a ɗinka jaka a buga sunan wani kamfani, ba mai ambaton Kano. Nijar aƙalla ta motsa, ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajistar asali don kada wani ya ɗauki sunan. Irin wannan kariyar ba ta da amfani sai akwai mai tsaya mata a waje.

"Kayan namu ne ba su da inganci"

Nan kam ba zan yi gardama sosai ba, don akwai gaskiya mai ɗaci a ciki. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka riƙa samu a cikinsa, aka yi ta tsawaita haramcin shekara da shekaru. Ba jakada ne ya zuba fiya-fiya a buhun wake ba, mu ne. Ba jakada ne yake zuba yashi a riɗi don ya ƙara nauyi ba, ko ya shanya citta a bakin titi ƙura da awaki na bi ta kai, ko ya ɗura gyaɗa da danshinta har ta yi fumfuna. Duk jakadan da ya je ya rantse wa mai saye cewa kayanmu tsaf suke alhali ba haka ba ne, sau ɗaya za a saurare shi.

Amma ku lura da wani abu. Rabin wannan matsalar rashin sani ne. Mai ajiye wake ba mugunta ce ta sa shi zuba magani ba, tsoron ƙwari ne, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ga adadin da ƙasa kaza take yarda da shi, ga buhu mai leda biyu a ciki da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. Dokokin nan canjawa suke yi, ana sanar da su watanni kafin su fara aiki. Wanda yake can shi ya kamata ya fara ji, ya rubuto gida da harshe mai sauƙi, a karanta a rediyo da Hausa, a kai wa shugabannin kasuwa. Mu kuwa yawanci sai kwantena ta isa an dawo da ita ko an ƙone sannan muke jin labarin doka.

Ga misali a kan yaron nan. Tambayar matar ta farko, da me aka jeme fatar, ba tarko ba ce. Turai tana da iyaka a kan wani nau'in sinadarin kuromiyom a kayan fata da ke taɓa jiki, shi take tsoro. To fatar da yaron yake saye a wurin majema na cikin gari da bagaruwa ake jeme ta, kamar yadda aka gada. Ka je ka gani, 'ya'yan bagaruwa a daka a jiƙa a cikin kwatarniya, a tsoma fata ana juyawa da hannu kwana da kwanaki, warin wurin ma kaɗai ya isa ya gaya maka aikin ba na rago ba ne. A Turai irin wannan jimar ta itatuwa ita ake nema, kuɗinta ya fi. Yaron yana jin kunyar ya ce da bagaruwa ne, yana ganin kamar ƙauyanci ne, alhali ita ce babbar hujjarsa ta ƙara farashi. Da akwai jami'in kasuwanci guda ɗaya da ya san kasuwar can kuma yake amsa imel, cikin layi uku zai gaya masa wannan.

"Ai ga NEPC, ga NAFDAC, ga ma'aikatar kasuwanci"

Suna nan, kuma ina ba duk mai son fitar da kaya shawara ya fara da yin rajista da NEPC, hukumar da aka kafa tun 1976 don wannan aikin. Amma su a gida suke. Za su gaya maka takardun fita, fom ɗin NXP da satifiket ɗin lafiyar kaya da sauransu. Wanda zai taka da ƙafarsa ya je ya ga ko shagon nan yana nan ko ba ya nan, wanda zai ce maka wannan kamfanin ya saba cinye kuɗin mutane ka kiyaye shi, dole sai wanda yake can. Ana buƙatar hannun gida da hannun waje, kuma su riƙa magana da juna. Tarnaƙin shi ne jakada ma'aikatar harkokin waje yake amsa wa, jami'in kasuwanci kuma ma'aikatar kasuwanci, yawon buɗe ido wata ma'aikatar daban, kowa da fayil ɗinsa, ɗan kasuwa na tsakiya.

Maganar kuɗi

Za a ce ofisoshin kansu suna kuka, kuɗin haya da albashin ma'aikata na makara, naira ta faɗi komai da dala ake biya. Gaskiya ne, jaridu sun sha rubutawa. Najeriya tana da ofisoshin jakadanci 109 a duniya. A watan Satumba na 2023 Shugaba Tinubu ya kira jakadu gaba ɗaya su dawo gida, aka shafe sama da shekara biyu ofisoshin nan na hannun masu riƙon ƙwarya, sai a ƙarshen 2025 aka fara aika sunaye majalisar dattawa. Mai riƙon ƙwarya komai ƙoƙarinsa akwai ƙofar da ba za a buɗe masa ba, akwai ministan da ba zai gan shi ba. Shekara biyu a kasuwa ba wasa ba ne, mai sayen riɗi a Japan ba zai jira ka ba, Habasha da Sudan da Tanzaniya ma suna nomawa.

Amma abin da nake nema yawancinsa ba mai tsada ba ne. Mutum ɗaya a kowane ofishi mai muhimmanci, a san sunansa da lambarsa, ya amsa saƙo cikin mako. Takarda mai shafi biyu a kan kowace haja, riɗi, zoɓo, citta, ƙaro, man kaɗe, fata, ga abin da ƙasar nan take so ga abin da ba ta yarda da shi ba. Kilishi alal misali, kowa na mafarkin fitar da shi, amma nama ba ya shiga Turai ko Amurka haka kawai ko da a jakar hannu ne, gara a gaya wa mutum tun kafin ya zuba jarinsa, a nuna masa inda ƙofa take a buɗe. Falon ofishin jakadancin kansa ya zama wurin baje samfuri, ranar 1 ga Oktoba da ake gayyatar baƙi a zuba musu zoɓo da kunun aya maimakon lemon kwalba, a raba musu jaka ɗinkin Kano da lambar wanda ya ɗinka a jiki. In kuma an ga 109 sun yi yawa ba za a iya riƙe su ba, to a rage, a ƙarfafa na wuraren da kasuwarmu take. Ban ga amfanin tuta a ƙofar gidan da ba a iya biyan kuɗin wutarsa ba.

Kuma kada hankalinmu ya tafi Turai kaɗai. Kasuwar da ta fi kusa da mai ƙaramin jari ita ce Accra da Yamai da Njamena da Yawunde da Abidjan. A Yamai Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a 2019. Direban da aka tsare masa motar albasa a kan iyaka kwana huɗu tana ruɓewa, shi ma jakada yake buƙata, ya ma fi kowa buƙata.

Akwai tsoro ɗaya da nake ganin yana da tushe: in aka ce ofishin jakadanci zai riƙa zaɓen waɗanda za su je baje koli irin Gulfood na Dubai ko Lineapelle na masu fata a Milan, to 'yan uwa da abokan manya za a cika jirgi da su, wasu ma daga can ba za su dawo ba, su ɓata wa na baya biza. Wannan yana faruwa a duk inda aka bar zaɓe a ɓoye. Maganinsa a bi ta ƙungiyoyin sana'a da cibiyoyin 'yan kasuwa irin KACCIMA ta Kano, a wallafa sunayen waɗanda aka zaɓa da abin da suke sayarwa, bayan an dawo a faɗi oda nawa aka samo. In ba a samo komai ba shekara biyu a jere a canja jami'in.

Baƙi kuma fa, wa zai zo?

Nan ne na san za a ce min ina mafarki. Ƙasar da ake satar mutane a hanya, wa zai ɗauko iyalinsa ya zo yawon buɗe ido? Ingila da Amurka suna gargaɗin mutanensu kan jihohin arewa da yawa, kuma da zarar an sa wuri a wannan jerin kamfanin inshora ba ya ɗaukar nauyin matafiyi. Mutanen Agadas sun fi kowa sanin zafin wannan, garin da a da Turawa ke cika shi lokacin sanyi, maƙeran azurfa da masu jagora da masu otal suna ci, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa tsohon garin a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2013 amma baƙin sun riga sun ɗauke ƙafa. Ba na son jakadanmu ya je ya yi ƙarya ya ce ko'ina lafiya. Ran mutum ya fi dala.

Sai dai ƙasar nan ba gari ɗaya ba ce, kuma aikin jakada ne ya je da hujja ya nuna musu bambancin wannan wuri da wancan, kada a shafa wa kowa baƙin fenti ɗaya. Sannan mu daina tunanin baƙo dole sai Bature mai kyamara. Ghana a 2019 ta yi shekarar komawa gida, ta kira jikokin bayin da aka kwashe shekara 400 da suka wuce, kuma a Washington Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da shirin tun 2018, wato can inda mutanen suke. Otal-otal ɗin Accra suka cika.

Mu namu mutanen ina suke? Suna unguwar Nima ta Accra da zangon Kumasi, suna Kamaru da Chadi, suna Makka da Jidda, suna Sudan inda zuriyar waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira suka kafa Mai Wurno, Allah Ya kawo musu ƙarshen yaƙin da suke ciki. Akwai mai shekara 60 da yake jin Hausa tsaf amma bai taɓa ganin Dala ba, kakansa ya ba shi labarin rijiyar Kusugu da hasumiyar Gobarau da Hubbaren Shehu. Akwai 'ya'yan likitocinmu da injiniyoyinmu da aka haifa a Ingila da Amurka. Akwai ɗaliban da ke koyon Hausa a jami'o'in Beijing da Warsaw da Alƙahira. Waɗannan ba sai an lallashe su ba, hanya kawai suke so a nuna musu. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, me zai hana ofisoshinmu a waɗannan biranen su buɗe ƙofa su tara su?

Abin nunawa kuwa muna da shi. UNESCO ta amince da bikin kamun kifi na Argungu a 2016, hawan Sallah na Kano a Disamba 2024, wurin tarihi na Sukur da ke kan duwatsun Adamawa tun 1999. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe, ƙasa na girgiza da kofaton dawaki, 'yan lifidi da 'yan sulke na wucewa, algaita da kakaki na tashi, mahaya su sako a guje su ja linzami a gaban sarki su ɗaga hannu suna jinjina, ya san babu ƙasar da za ta samu irin wannan ta bar shi a ɓoye. Ga marinar Ƙofar Mata, ga kasuwar Kurmi, ga Yankari.

Amma a nan ma laifinmu na gida yana nan. Kamfanin da ke shirya wa mutane tafiya shekara guda kafin lokaci yake sayar da tikiti. Me jakada zai ce masa in bikin Argungu ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020? Me zai ce in ana gobe Sallah aka sanar da dakatar da hawa a Kano saboda rikicin masarauta, kamar yadda muka gani a 'yan shekarun nan, bayan mutum ya biya jirgi da otal? Jakada ba zai iya tallata abin da mu kanmu ba mu tsayar da ranarsa ba. Bizar intanet da aka fara a watan Mayu na 2025 mataki ne mai kyau, na yaba, saura jihohi da masarautu su ba ofisoshinmu jadawalin da za a iya dogara da shi, da hotuna masu kyau, da sunayen otal da masu jagora da aka tantance, don in an je kasuwar yawon buɗe ido ta Berlin a watan Maris teburinmu kada ya zama tuta da kalanda kawai.

Kuma baƙon nan in ya zo wa yake ci? Mai otal, mai tasi, mai masa, mai rini, da baduku irin ɗan yayata, wanda zai sayar da jakarsa a ƙofar shagonsa ba kwastam ba kwantena, baƙon ya koma da ita ƙasarsu wani ya gani ya tambaya a ina ka samu.

Yaron dai mun zauna da shi daren nan muka rubuta wa matar amsa. Muka gaya mata gaskiya, da bagaruwa aka jeme, muka tura mata bidiyon majemar, muka ce 200 sun fi ƙarfinsa yanzu, ta fara da 20 ta biya rabi kafin a tura. Ta amsa ta ce za ta yi shawara. Wasiƙar ofishin jakadancin ma na sa ya rubuta duk da dariyar da aka yi, na ce ya kai wa shugaban ƙungiyarsu ta dukawa ya sa hannu ya buga hatimi, don ta tafi da sunan mutum 50 ba da sunan yaro ɗaya ba. Ranar Litinin za su tura.